Allon da Ya Ƙi Alli

Zuwa ga ƙanwata Rakiya, a Dirku.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar maigidanki?

Ɗanki Musa ya dawo daga haƙar zinariya, ya ɗauke allon da nake koya wa matan Dagmanet karatu, ba da izinina ba, ya kai wa mai fesa fenti. An saje ja da ruwan ɗorawa kamar faɗuwar rana, aka bi da barni har yana ƙyalli. Wai kyauta ce! Mai zinariya bai san alli ba ya kama santsi ba. Mata tara suka wuni suna kallon fuskokinsu a ciki.

Na juya shi, muna rubutu a bayansa. Kada ya kuskura ya sayo mini sabo.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Yayarki, Zainabu.