Gangar da Yayana Ke Kallon Ƙwallo da Ita

Zuwa ga Mai girma Shugaban kulob ɗin ƙwallon ƙafa na garinmu Damagaram, da sauran 'yan kwamitinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, ranka ya daɗe, sunana Habu, mai walda ne ni a unguwar Kara-Kara. Sunan ba zai tuna maka da kowa ba, amma ka san ni. Ni ne mai gangar nan da ke zama a tsakiyar tiribin ɗin rana, wato wurin zaman 'yan kallo marar rumfa, duk ranar da muke wasa a gida. Sau uku ina zuwa biro ɗinka, wato ofis, sau uku sakatare yana ce mini kana taro. A na huɗu ya ce in rubuto. To ga shi na rubuto, sai dai a fili zan yi, don na ga girman aljihun teburin nan nasa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maganar yayana ce ta kawo ni. Sunansa Mamman, amma tsofaffin 'yan kallo Katanga suke ce masa. Shekara goma sha ɗaya ya tsare ragar wannan kulob, tun filin duk tsakuwa ne, mai tsaron raga in ya yi tsalle sai ya bar fatar gwiwarsa a ƙasa. Yatsunsa biyu na hagu har yau ba sa miƙewa. Daga baya ciwon suga ya ci idonsa, ya makance gaba ɗaya. Ba kuɗin magani na zo roƙo ba, wannan mun ɗauka da kanmu.

Da ya daina gani, sai ya daina fita. Ni kuwa da ma ina kaɗa wa magoya baya ganga, don sha'awa kawai, ba gadon gidanmu ba ne. Wata rana na lallashe shi na kai shi fili, na zaunar da shi a damana, na yi ta ƙoƙarin gaya masa abin da ke faruwa. Baki bai iya ba. Kafin in ce wane ya ba wane, ƙwallo ta kai wani wurin. Sai muka shirya tsakaninmu: in ƙwallo na ƙafarmu muna hawa, in yi kiɗa ƙanana da sauri. In abokan gaba suka taso mana, in koma bugu mai nauyi ɗai-ɗai. In kwana ce, wato bugun kusurwa, bugu uku. In ta shiga raga kuwa, ba ya buƙatar kowa ya gaya masa. Shekara bakwai ke nan da wannan ganga yayana yake kallon ƙwallo. Duk tiribin ɗin rana sun san haka, har in na yi kuskure su suke fara yi mini tsawa kafin shi.

Yanzu ga ƙorafina.

1. Kuɗin shiga. Tike na tiribin ɗin rana dala arba'in muka sani. Kuka hau kujera, kuka mayar da shi jika guda, ninki biyar ke nan, a tashi ɗaya, ba shawara, ba sanarwa, sai takarda muka tarar a manne jikin ƙofa. Jika guda, ranka ya daɗe, kuɗin tiyar hatsi ne har da na cefane. Wa ke zama a rana? 'Yan kabu-kabu ne, da masu tura baro, da teloli, da mutanen Gouna da na Zermu da ke haɗa kuɗin mota su zo. Su ne masu ihu. Waɗanda ke zama a inuwa da katin gayyata ba sa biyan ko dala, kuma rabin wasan a kan waya suke yin sa. Kun kuma soke al'adar da muka tarar, ta barin tsofaffin 'yan wasa su shiga ta ƙaramar ƙofa kyauta. An ce sai mai kati. Na tambayi inda ake yin katin, aka ce ba a fara bugawa ba tukuna.

2. Ganga. Kun hana shiga da ita, wai ita ke tunzura mutane. Na san dalilin, ba kuma zan yi ƙarya ba: bara an jefi alƙalin wasa, abin kunya ne, ni ma na ji kunyarsa. Amma ganga ce ta yi jifan? Waɗanda suka yi, kowa ya ga fuskarsu, ba su kai biyar ba. Ranar ni na fara ɗauke hannu daga kiɗa, yayana kuma ya miƙe da sandarsa yana yi musu faɗa har suka zauna. An bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne maganar da ɗaya daga cikin 'yan kwamitinka ya yi a bakin ƙofa, a gaban jama'a, cewa da ma ba a tsammanin hankali daga mutanen Kara-Kara. Mun saba jin wannan tun muna yara, amma ban zaci zan ji shi a ƙofar da na yi wa walda da hannuna kyauta lokacin da ta karye ba. A madadin ganga kun kawo lasifika mai waƙoƙi, wadda ake kashewa da an busa usur. Minti casa'in sai ka ji fili kamar gidan makoki.

3. Wasan kansa. A nan ba bakinmu ɗaya ba, kuma ba zan ce ina magana da yawun kowa ba. A fadarmu inda muke shan shayi, rabi suna cewa a kori koci yau-yau, rabi suna cewa a ba shi lokaci, har an kusa ba hammata iska. Ni dai abin da na gani ke nan. Muna gida, a gaban mutanenmu, koci yana jera 'yan baya biyar ya bar ɗan gaba ɗaya tilo yana yawo kamar wanda ya ɓata a kasuwa. Tsoron me muke ji a cikin gidanmu? 'Yan wasa uku da aka ɗauko daga ƙasashen bakin teku, ba na zaginsu, abinci suka zo nema, amma ranar Damagaram ba ta san kwantiragi ba. Kafin hutun rabin lokaci sun riƙe ƙugu. Ga ɗan Gouna nan mai ƙafar hagu, wanda ya ci mana wasa huɗu bara, yana dumama benci. Sai sabon mai tsaron raga. Ni ina kare shi a fada, ina cewa dogo ne, yana da hannu. Yayana ya ce mini ba ruwansa da tsawonsa, tun da aka kawo shi bai taɓa jin muryarsa ba, kuma mai tsaron ragar da ba ya yi wa 'yan bayansa tsawa, da kwana za a riƙa cin sa. Ka duba da kanka ta inda aka ci mu a wasannin nan uku na baya. Makaho ya ji abin da kocinka mai ido biyu bai gani ba, ni ma da nake musu na sallama.

Duk wannan da shi kaɗai ne, da na haɗiye. Kulob ya sha faɗuwa ya tashi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na huɗu.

4. Ranar Lahadin wasanmu na gida da ya wuce. Yayana ya yi wanka tun hantsi, kamar yadda ya saba, ya sa tsohuwar rigar wasansa a ƙarƙashin babbar riga. Na ɗauko shi a babur, ganga a bayansa. A ƙaramar ƙofa mai gadi ya tare mu ya ce kati. Na ce wannan Katanga ne. Ya ce shi bai san wata katanga ba sai wadda ya jingina da ita. Ban ga laifinsa sosai ba, umurni aka ba shi. Na zagaya babbar ƙofa na yanki tike biyu, na biya wa makaho kuɗin kallo. Aka ce ganga ta tsaya a waje. Na ajiye ta.

Muka hau muka zauna. Tiribin ɗin da a da sai ka yi turereniya, ranar kana iya shimfiɗa tabarma ka kwanta. Daga inda nake ina hango ƙofa, sai na ga mai gadin wurin ya kifa gangata ya zauna a kanta yana cin gyaɗa. Wallahi zuciyata ta tafasa. Idona ya kasa barin wurin, na manta da wasa, na manta da mutumin da ke gefena. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba, sai na ji hannunsa a gwiwata. Ya ce, "Habu, wai yaushe za a fara ne?"

An yi minti ashirin ana wasa, ranka ya daɗe.

Na gaya masa. Da aka tafi hutu ya ce in mayar da shi gida, kansa na ciwo. Na san ba kai ba ne. Da muka isa ya cire rigar wasan ya ba matarsa ya ce ta sa a ƙasan akwati. Yau mako uku ke nan bai taka ƙofar gida ba sai masallaci. A da tun ranar Alhamis yake fara damuna da tambayar wa za a sa, wa za a ajiye. Yanzu in na kawo zancen sai ya tambaye ni aikin walda. Na ga irin wannan zaman a wurinsa sau ɗaya, shekarar da idonsa ya tafi, kuma na san wahalar da na sha kafin in fito da shi. Ina jin tsoro, ina kuma jin haushi, ba zan ɓoye ba.

Ga abin da nake roƙo. A mayar da tike na rana inda talaka zai iya, ko a zauna da magoya baya a yi ciniki kamar mutane. A buɗe wa tsofaffin 'yan wasa ƙaramar ƙofa, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma duk garin nan ya san fuskarsu ko ba kati. Wanda ya yi jifa a kama shi da sunansa, a bar unguwarmu ta huta. Maganar koci na bar muku, ku kuka ɗauko shi. In kuma duk sun yi yawa, to a bar ni da guda: a bar ganga ta shiga.

Jiya na durƙusa na roƙi yayana, ya yarda zai biyo ni wasan gida mai zuwa, da sharaɗin in an tare ganga, shi ma an tare shi ke nan har abada. Za mu zo ƙaramar ƙofa bayan Azahar. In amsar a'a ce, kada ka bar wa mai gadi. Ka sauko daga inuwa ka gaya masa da bakinka. Ba sai ka faɗi sunanka ba. Lokacin da kake neman wannan kujera ka zo har zaurenmu, ka riƙe hannunsa mai karyayyun yatsu aka ɗauki hoto, ka ce masa shi uban kulob ne. Hoton bai gani ba, amma muryar ya riƙe.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya haɗa ka da mashawarta na gari, Ya bar maka ganinka har ƙarshen rayuwa.

Wassalam.

Habu mai ganga,
Kara-Kara, Damagaram.