Fitilar Gefen Gadon Inna

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙafar taki? Ya takwararki da ƙiriniya? Na ba direban da ke kawo wa asibitinmu magani wannan takarda, tunda wayarki da takwarar taki ta tsoma a bokitin wanki har yau kin ƙi a sake miki wata.

Inna, intanet ɗin gida ya ɗauke. Ina ta kiran babbar wayar da na bar muku ba ta shiga, ita kuwa ba sim gare ta ba, da rauta take aiki. Rauta shi ne farin akwatin nan mai ƙaho biyu da ke kan kabad ɗinki. Kafin na taho na jona shi a wani soket mai sim a ciki, don ko ya maƙale in turo saƙo daga nan a kashe shi a sake kunnawa. Kullum da yamma sai na turo, soket ɗin ya amsa cewa ya yi aikinsa, amma shiru kake ji.

Don Allah ki duba idanunsa: kore ne, ja ne, ko babu ko ɗaya? In ja ne, ki danna kebul ɗin bayansa har ki ji ƙas. Kar dai ki soka tsinke a ɗan ramin nan, komai zai goge.

Ganin 'yar nan tawa a waya bayan na tashi aiki shi ke riƙe ni a wurin nan. Ba ta kai shekara biyu ba, ina tsoron ta manta fuskata.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, sai dai in na tashi daga zaune ta tuna mini shekaruna.

Na duba mai ƙahon naki. Ba kore, ba ja, yana zaune abinsa, har goge shi na yi. Tsinke kuwa ki kwantar da hankalinki, ban haihu jiya ba balle a haife ni jiya.

Abin da ya dame ni fitilar gefen gadona ce. Ta koyi sabon hali, da yamma sai ta mutu ta dawo ba wanda ya taɓa ta. Mai gyaran wuta ya zo ya jujjuya ta, ya ce lafiyarta ƙalau, ya sha ruwa ya tafi.

Takwarata tana nan, kumatu sun fito. Ta iya cewa a'a, kuma da ita take amsa komai. Hali dai ba daga ƙasa ta tsince shi ba.

Allah Ya yi miki albarka.
Inna

*

Inna,

Bayan gaisuwa. Fitilarki ba aljanu gare ta ba, ni ce. An zare rauta daga soket ɗina an jona fitila, shi ya sa duk saƙon da na turo ita yake kashewa ya kunna. Ashe duk kwanakin nan ina zaune a bayan ɗakin allura ina wasa da fitila.

Wa ya zare? Ku biyu ne a gidan, ɗayar kuma hannunta bai kai bayan kabad ba. Ki yi haƙuri in na yi kaushi, raina ne a ɓace. Ki zare fitilar ki mayar da shi, ki ɗan jira idanun su zama kore, shi ke nan aikin.

Na gaishe ki.
Auta

*

Auta,

Ina gaida mai fushi. Ni na zare. Ƙwan lantarkin ɗaki ne ya ƙone ina tsakiyar canza wa yarinya kaya, na lalubi soket mafi kusa. Na yi niyyar mayarwa washegari, sai na ga abin da ya hana ni.

Ke kina ganinta tana dariya a waya, ki ce sai gobe, ki kashe. Abin da ke biyo baya ni nake gani. Sai ta juya wayar tana neman ki a bayanta, tana ƙoƙarin ɓanɓare murfin da farce. In ba ta same ki ba, sai ta kwanta a ƙasa, abinci ko a baki. Haka muke yi kullum tun tafiyarki, ban faɗa miki ba don aiki kika je yi. Ranar da ba ki kira ba kuwa, ta cinye kwanonta tas, ta yi barci.

Da takardarki ta biyu ta zo na ce mata, kin ga fitilar nan? Mama ce take gaishe ki. Yanzu rana na yin sanyi za ta jawo filo ta zauna a gabanta. In ta mutu sai ta rufe baki da hannu, in ta dawo ta tafa ta ce, Mama ta zo. Ba ta kuka, Auta. Waya in kin gama magana baƙi take yi ta zauna haka, ita kuwa fitila dawowa take.

Ba ta manta ki ba, hotonki na bango sai ta shafa shi da hannun maiƙo. Na san ke ce za ki cutu, kuma abin yana damuna. 'Yarki ce. Ki ce in mayar, direba na barin ƙofa zan mayar.

Allah Ya dafa miki.
Innarki

*

Inna,

Na gaishe ki, na kuma gode. Ki bar fitilar inda take. Na san akwai wani soket a falo, shi ma kar ki jona masa rauta sai na zo hutu.

Gobe zan turo saƙon da zarar na cire kayan aiki. Ni ba zan ga komai daga nan ba, don haka ki zauna kusa da ita, ki kalle ta da kyau, ki rubuto mini yadda ta yi.

'Yarki, Auta