Katin Allurar Kawu da Aka Ɗinke Cikin Fata

Zuwa ga Shugaban Jami'an Lafiya na shingen kan iyaka da ke arewa da Sabon Birni.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da zafin wannan shekara ta fari. Sunana Lawali. Bana na gama karatun kiwon lafiyar al'umma, ban kama aiki ba tukuna. Sau uku ina yage wannan takarda don tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba. Abin da ya rage a ciki, na gani da idona ko ina da shaida.

Ranar Talata, yau kwana goma sha shida, da ƙarfe tara da minti ashirin na safe, jami'inka ya hana kawuna Mainasara shigowa Najeriya. Lokacin yana nan a wayata, domin a take ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi ya kira ni. Kawu yayan mahaifiyata ne, mazaunin wani ƙauye a ƙasar Maraɗi, kuma ginar rijiya ce sana'arsa. Rijiyar garinmu ta ƙafe. Mata na fita da asuba neman ruwa, sai hantsi su dawo, Fulanin da ke zaune da mu kuwa sun fara shirin tashi da shanunsu. Masu ginar wajenmu biyu sun shiga sun tarar da dutse, suka fito. Shi ya sa mai gari ya aika wa Kawu.

1. Ba na ƙorafi a kan neman katin allurar shawara. Doka ce, kuma na karanta dalilinta. Takardar shaidar Kawu ta wuce, ba a nemi biza ba tunda maƙwabci ne, jami'an kwastan ma sun duba digarsa da igiyarsa sun ce kayan sana'a ne. A teburin lafiya kaɗai aka tsaya.

2. Kawu yana da kati. Tun shekarar da aka yi masa allura ya kai shi wurin baduku aka ɗinke cikin fata, ya rataya a wuya, saboda mutumin da ke yini cikin rijiya ba ya ajiye takarda a aljihu. Da ya ciro ya miƙa, jami'inka ya ja kujerarsa baya, ya ce shi ba ya taɓa layar mutane. Na iso da azahar na roƙa a buɗe a duba. Jami'in ya ƙi kamawa. Kawu shi ma ya ƙi a sa reza, ya ce in aka yanke tambarin likita, wa za shi biya shi? Ya ƙara da cewa ya shiga rijiya gaba ashirin bai ji tsoro ba, ga yaro da kaki yana gudun fatar akuya. Na ba jami'in haƙuri a kan wannan magana, kuma ina sake bayarwa.

3. Ranar Laraba na ɗauko baduku daga kasuwar Sabon Birni, ya farke ɗinkin zare bayan zare a gaban mutum biyar. Kati ya fito, ruwan ɗorawarsa bai ko dusashe ba, da suna da tambari da lambar allura. Jami'inka ya ƙirga shekaru da yatsa, ya ce sha biyu, alhali kati shekara goma yake yi. Ya ce kuma ba su da allura a wurin. Kawu ya sake komawa ƙetare ya kwana gidan dangi.

4. Ranka ya daɗe, nan ne kuskuren. An daɗe da sauya wannan ƙa'ida a duniya: allurar shawara sau ɗaya ta ishi mutum iya rayuwarsa, har da wanda tsohon katinsa ke nuna shekara goma. Na faɗa da baki, aka ce ɗan makaranta ya zo koya wa mutane aiki. Na koma gari na buga ƙa'idar a takarda, na karanta ta sau huɗu don kada ya zama ni ne na ruɗe. Ranar Alhamis na miƙa ta a teburin lafiya. Jami'in ya karanta, ya fita ya yi waya, ya dawo ya buga wa Kawu hatimi da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata. Gaskiya ita ce bai nemi komai a hannunmu ba, kuma da ya gane bai yi gardama ba. Ba shi nake ƙara ba. Tsohuwar sanarwar da ke manne a bangon ofishin nake ƙara, wadda har ranar tana cewa shekara goma.

Kawu ya shiga rijiya da yammacin ranar. Kwana goma sha ɗaya yana fasa dutse. Litinin da ta wuce, bayan la'asar, ya girgiza igiya, aka jawo guga da laka mai sanyi, na biyu kuma da ruwa. Mahaifiyata ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Arɗon Fulanin ya sa aka sauke kayan da aka riga aka ɗaure a kan jakuna. Kawu ya fito ya ce a gaya wa mutanen shinge layarsa ta yi aiki.

Roƙona uku ne. A cire waccan sanarwa a manna sabuwa, da Hausa da ajami. A sanar da jami'ai cewa tsofaffin yankin nan suna ɗinke takardunsu cikin fata. In da hali, a riƙa ajiye allurar a shingen saboda wanda ba shi da ita da gaske. In ana son mai rubuta sanarwar, za ni yi kyauta.

Allah ya taimake ka a kan aikinka, ya kare jami'anka, ya ba mu damina mai albarka.

Ga abin da ban sani ba, don haka ban zargi kowa a kai ba:

Ban san ko sabuwar ƙa'idar ta taɓa isowa ofishinku a rubuce ba.

Ban san mutum nawa aka mayar kafin Kawu, waɗanda ba su da ɗan ƙanwa mai waya ba.

Ban san ko ruwan zai kai mu faɗuwar damina ba. Kawu ya ce zai kai.

Shekaranjiya na aika wa jami'inka jarka ɗaya ta ruwan rijiyar. Ɗan kabu-kabu ya ce ya karɓa da hannu biyu. Ban san ko ya sha ba.

Wassalam.

Lawali, ɗan ƙanwar mai ginar rijiya.