Sharhin Farfesa da Wayar Mama

Zuwa ga ƙanina Farfesa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Ya aiki, ya kuma rubuce-rubuce?

Na karanta sharhin da ka sa a shafinka kan fim ɗin ɗan sama jannatin nan, wanda kumbonsa ya lalace, iskar shaƙarsa tana ƙarewa, yana ta kiran ƙasa ba mai amsawa. Ka ce hotunan sun kusa sa ka hawaye. Ka ce tukunyar iskar da yake shaƙa ita ce rayuwa, duhun sararin samaniya kaɗaici ne, kiran da ba a amsa kuwa kukan duk ɗan Adam ne. Har ka yi alfaharin kashe wayarka awa biyu ranar Asabar da la'asar, don ka ji shirun a jikinka.

A cikin awa biyun nan Mama ta kira ka sau bakwai. Ni na riƙe mata wayar, don ba ta iya riƙewa. Kwananta tara ke nan a asibiti da robar iska a hanci. Tukunyar da kake wa fassara ga ta nan a gefen gadonta, koriya, fentinta duk ya kankare, ni nake duba allurar da ke nuna sauran iskar in ruga in kira nas.

Ta ce in karanta mata abin da ɗanta ya rubuta, na karanta. Ba ta gane rabi ba, amma ta yi ta murmushi. Abu ɗaya ta tambaya, ko an amsa wa bawan Allahn nan daga ƙarshe. Na ce an amsa. Ta ce to mu sake gwada kiranka.

Likita ya ce duk mai son ganinta ya zo makon nan. Ka zo.

Ka gaida matarka da yara.

Taka,
Yaya Babba

Zuwa ga Farfesa,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya.

Saƙonka na murya ya iso, minti shida cur. Wai fim ɗin ya koya maka cewa nisa ba komai ba ne, akwai wata igiya da ba a gani wadda ta ɗaure zukatan mutane, kuma kana da taron masu sharhi ranar Alhamis. Tir. Ko kunyar bakinka ba ka ji ba? Ban kunna mata ba, kuma ba zan kunna ba.

Mama ta daina kira. Jiya da safe ta miƙo min wayar ta ce in sa a durowa, kada a dame ka, kana da aiki. Na fi son lokacin da take kiran, wallahi. Yanzu ƙofa kawai take kallo, duk wanda ya turo sai ta ɗaga kai.

Kai da kake gano ma'anar komai, wannan ba ya buƙatar fassara. Ɗaki na huɗu, gadon bakin taga. Tafiyar awa uku ce a mota, ba kumbo ake hawa ba. An ƙara mata iska yau, allurar kuma tana sauka da sauri fiye da jiya.

Ka gaida gida.

Yayarka