Na Koyar da Ragi a Baibai

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mai kula da zaure, don Allah ka cire sunana kafin ka tura, domin rabin masu shigowa kafen intanet ɗin nan na Agege sun san ni. Ku ba ni shawara, kwana biyar ke nan ban zauna wuri guda ba.

Ni ɗan tumatir ne, ina taya mahaifina a kasuwar Mile 12 tun shekarar da sojoji suka sauka. Amma na yi kemistiri a sakandare a Kano, na ci da ƙyar, to a layinmu wanda ya ci da ƙyar ma farfesa ne. Shi ya sa dattawan masallaci suka roƙe ni in riƙa yi wa masu sake jarrabawa bita ran Asabar da Lahadi. Mutum tara ne. Baba har ya daina kirana da sunana, sai Malam.

Da muka zo babin oksideshin da ridakshin sai na ce bari in sauƙaƙa musu da Hausar kasuwa. Na ce ridakshin ai ragi ne, duk wanda aka yi wa ragi an rage masa, wato ya rasa ilektiron. Oksideshin kuma gyara ce, an ƙara masa. Suka yi dariya, suka haddace, ni kuma ina ta jin kaina. Wata biyu muna kan haka.

Akwai wata a cikinsu, zan kira ta Binta, ubanta direban tanka ne a Apapa. Aikin nas take so, kuma karo na uku ke nan kemistiri kaɗai ke mayar da ita. Wata rana na ba su tambaya, in an jefa ƙusa cikin shuɗin ruwan nan mai gishirin jan ƙarfe, wani abu zai faru ko a'a. Da lissafina ƙusar ce aka yi wa ragi tunda ita ke rasa ilektiron, na ɗebe, amsa ta fito da alamar ragewa, na ce ba zai yiwu ba. Binta ta ɗaga hannu ta ce ita ta samu 0.78 da alamar ƙari, zai yiwu. Na ce ta sake. Mako na gaba sai ga ta da kwalba, wai wata ƙawarta mai aiki a ɗakin gwaji na wata makaranta a Abule Egba ta ɗiba mata ruwan, ga ƙusa a ciki ta yi ja wur.

Jama'a, a nan na yi abin kunya. Maimakon in tsaya in duba, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce tsatsa ce, na ce 'yan Legas ba ku da ta ido, kun iya Yarbanci da Turanci sai ku ɗauka kun fi kowa. A gaban kowa na faɗa. Ta ajiye kwalbar a kan benci ta fita, ba ta sake zuwa ba.

Kwana biyar da suka wuce ina rumfa, wata iya mai abinci ta matsa sai Baba ya rage mata kuɗin kwando. Da ta tafi ya ce min, "Malam, ka ga ciniki ke nan. Farashi ya sauka, amma wanda aka yi wa ragi ai shi ya samu." Wallahi sai da na zauna a kan kwando. Na koma gida na tono tsohon littafina, ga shi nan ƙiri-ƙiri. Lambar oksideshin ce ke sauka, jan ƙarfe daga biyu ya koma sifili, saboda ya karɓi ilektiron biyu. Ƙusa kuwa daga sifili ta hau biyu, ita ta bayar. Ko almajirin... a'a, ko mai dako a kasuwa ya san ragi samu ne, ni da na tashi cikin tumatir na juya shi baibai.

Saura kwana goma sha biyu jarrabawa. Wani abokina ya ce kada in tona wa kaina asiri, in shiga aji in ce manhaja ce ta canza, in gyara a hankali, su takwas ɗin ba za su gane ba. Da na so in bi. Sai shekaranjiya bayan la'asar uban Binta ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da 'yarka, na ji rashin kunyar da ta yi, na yi mata faɗa sosai." Na ce ba komai. Jiya kuma ƙawarta ta aji ta faɗa min Binta na karatu a gida, ta bi littafinta shafi-shafi ta soke duk amsoshinta na daidai ta rubuta nawa, wai Malam ya fi ta sani.

Ina jin kunyar Baba, ina jin kunyar dattawan nan, ban san da wane ido zan dube su ba. Kwalbar da na ɗauko daga aji tana kan tagar ɗakina, na kasa zubarwa. Lokacina na kafe ya kusa ƙarewa, ku faɗa min, in fara da aji ne ko in je gidansu in faɗa a gaban ubanta? Kuma wanda ya san kemistiri a cikinku, yaya ake cire wa mutum abin da ya haddace wata biyu cikin kwana goma sha biyu? In na je na ce mata ita ce da gaskiya, da wane baki zan sa ta yarda da ni a karo na biyu?