Allon da Baba ya sassaƙa wa Auta

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa a tsaye, ka san alamar lafiyarta ke nan. Shago yana tafiya, kodayake yanzu kusan duk aikin a kwamfuta nake yin sa, tsohon injin Baba na buga takardu kuwa yana can ɗakin baya lulluɓe da zane.

Yaya, an rantsar da Auta. Ƙaninmu da ka sha goyawa ya zama alƙali, kuma wallahi tun ranar kaina bai koma daidai girmansa ba. Amma ba labarin rantsuwar ya sa na ɗauki biro ba, wannan ka gani a hotuna. Abin da ya faru a gida kafin nan nake so ka ji daga bakina.

Ka tuna lokacin da Auta yake yaro, yadda yake zama a gindin akwatin haruffan dalma na injin yana jera su? Baba ne ya fara haɗa masa kalmar alƙali, ya gaya masa asalinta daga Larabci ne, alƙadi, wato mai yanke magana idan mutum biyu sun kasa. Auta ya yi ta jujjuya haruffan nan shida ko za su ba shi wata kalma, bai samu ko ɗaya mai ma'ana ba, ya zauna yana kuka. Ni na manta da wannan, ashe Baba bai manta ba. Ranar da takardar naɗin ta zo, ya ce shi zai sassaƙa allon da za a kafa a ƙofar ofishin ɗansa, da hannunsa, a kan katako.

Ka san halin da idonsa yake ciki. Yanar ido ta rufe na dama, na hagun ma saura kaɗan, amma shekara biyu ke nan muna fama ya je a yi masa aiki, yana cewa idonsa ƙalau, fitilun zamani ne ba su da haske. Ya shige ɗakin baya da 'yan wuƙaƙensa, ya hana kowa leƙawa. Sati biyu ina jin ƙarar sassaƙa daga inda nake zaune. Da ya gama sai ya naɗe allon a sabon tawul, ya ce ba mai buɗewa sai Auta.

Ni kuma ka san ba a ajiye mini abu a naɗe. Ana gobe rantsuwa da safe na buɗe. Aikin ya yi kyau, kowane harafi sumul, lanƙwasar kan ƙa ɗin nan kamar da inji aka fitar. Amma duk a juye suke, daga dama zuwa hagu, kamar ka duba rubutu a madubi. Shekara arba'in yana jera haruffa a juye don su fito daidai a takarda, da ido ya daina yi masa jagora sai hannu ya koma abin da ya sani.

Na kai wa Umma, ta ƙare wa allon kallo. Daga baya ta ce kada a kuskura a gaya masa, domin mutumin da bai taɓa sakin aiki da kuskure ba, in ya ji wannan zai ajiye wuƙar har abada, ya zauna a ɗaki. Muka shirya in buga wani allon a kwamfuta, a kafa shi, a ce wa Baba nasa ne, tunda ba gani zai yi ba. Ban ɓoye maka ba, har na buga.

Da Auta ya zo da rana muka gaya masa, sai ya ce shi ba zai hau kujerar nan da ƙarya a ƙofarsa ba, balle ƙaryar da aka yi wa mahaifinsa. Na ce masa tun ba a rantsar da shi ba ya fara yi mana shari'a a gida. Bai ko yi dariya ba. Ya ɗauki allon ya tafi ɗakin baya, mu kuma muka bi shi. Ya durƙusa gaban Baba ya yi godiya, sannan ya gaya masa a fili cewa rubutun a juye yake. Baba ya karɓa, ya bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Sai Auta ya tashi ya yaye zanen da ke kan injin, ya tambayi Baba ko har yanzu tawadar tana inda take zama. Baba ya ɗago kai. Can ya ce masa ya matsa, ai bai iya ba, zai ɓata takarda. Shi da kansa ya ɗaura katakon, ya shafa tawada, ya ja hannun injin. Takarda ta fito, ALƘALI baƙi wuluk, daidai, ba ko ɗigo a gefe. Umma ta juya tana share ido da mayafi, wai ƙura ce.

Yanzu takardar tana cikin gilashi a ƙofar ofishin Auta, katakon kuma yana kan teburinsa. Magatakardan kotu ya tambaye shi dalilin ajiye rubutu a juye, ya ce don ya riƙa tunawa kada ya yanke wa abu hukunci da kallon farko. Ina alfahari da yaron nan, Yaya, fiye da yadda zan iya rubutawa. Ni da Umma mun so mu rufa wa Baba asiri, shi kuwa ya mayar masa da sana'arsa.

Ga abin da nake so ka fi ji. Washegarin rantsuwa mun kai Baba ofishin, ya tsaya a ƙofa ya shafa gilashin, ba abin da yatsa zai ji. A hanyar dawowa, ba wanda ya ce masa komai, sai ya tambaye ni wace rana likitan ido yake zama, domin bai taɓa sakin aikin da bai karanta da idonsa ba. An sa ranar aiki farkon wata mai zuwa, ka taya mu da addu'a.

Umma tana gaishe ka, Auta ma haka. Ka gaida Anti da yara, musamman takwarata da mai sunan Baba. Takardar da ka gani a ninke cikin ambulan, ta uku ce da Baba ya buga, ya ce taka ce. Kada ka shafa, tawadar tsohuwa ce, tana daɗewa ba ta bushe ba.

Taka ƙanwa,
mai tsaron shago