Hannun da Ya Tare Mama Sabulu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara duka. Yaya ciwon gwiwar nan taki? Yaya 'yata Gimbiya, tana cin abinci kuwa, ko har yanzu sai an bi ta da cokali ana lallashi? Kafin ki karanta sauran, ki fara riƙe wannan: lafiyata ƙalau har zuwa yanzu da nake rubutu.

Na san kin kira wayata kin gaji, kuma na san kin riga kin yanke cewa rashin kirkina ne ya motsa. Ba haka ba ne. An goge wayar da ruwan kulorin har ta ce ga garinku nan. Takarda ma ba ta fita daga ɗakin da nake, shi ya sa za ki ga wannan a hoto. Ina manna ta a gilashin taga, abokiyar aikina Doguwa ta ɗauka ta tura miki.

An killace ni, Yaya. Ina wani ɗaki a bayan asibiti inda da muke jibge tsofaffin katifu. Gado ɗaya ne, da kujera, da famfo, da bokiti. Ba a ce na kamu ba. An ce na taɓa wadda ta kamu da zazzaɓin nan da kuke jin labarinsa, don haka sai an zuba ido an ga abin da jikina zai yi.

Wadda na taɓa kuwa shugabarmu ce, Mama Sabulu. Kin san ta a bakina, ita ce wadda na sha zuwa gidanki ina kuka saboda faɗanta lokacin da na fara aikin jinya. Duk abin da ya shafi hana cuta yaɗuwa a asibitin nan a hannunta yake. Mu muka laƙa mata sunan a ɓoye, don in kin ce kin wanke hannu sai ta kamo shi ta sansana. Ranar da sunan ya kai kunnenta muka yi tsuru-tsuru, sai ta ce ya fi nata na gaskiya daɗi.

Ranar Litinin da safe ina baranda ina jiran karɓar aiki, sai ga ta da 'yar jakar kaya, takunkumi a fuska. Ta tsaya can tsakar fili ta ɗaga hannu ta hana kowa matsowa. Ta ce ta tashi da zazzaɓi, kuma ta tuna matar da aka kawo kwanakin baya tana zubar da jini, tun ba a gane abin da ke damunta ba, ita ta karɓe ta. Ta ce a buɗe mata gado a ɗakin masu cutar kamar kowa. Ko motar haya ba ta shiga ba, da ƙafa ta tako daga gida don kada ta zauna kusa da mutane. Tana cikin faɗa mana wanda zai riƙe makullin sito sai na ga gwiwarta ta lanƙwashe.

Wallahi ban yi tunani ba. Shekara da shekaru tana nanata mana cewa a sa safar hannu tukuna sannan a ji tausayi, amma jikin nas in ya ga mutum zai faɗi, shi ke tafiya da kansa. Na tare ta da hannu tsirara, kanta a ƙirjina, ta yi amai a damtsena. Da ta buɗe ido ta gan ni, maimakon sannu sai ta wanke ni tas a gaban kowa, tana kwance a ƙasa tana tambaya wa ya koya min wannan sakarcin. Ita ta ce a ja ni famfo, ita kuma ta ce a killace ni.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Na wanke damtsen nan har fatar ta saɓule, kuma har yanzu ji nake kamar da ɗumi a wurin. Baban Gimbiya yana kan hanya da mota, kada ki faɗa masa yana tuƙi, ki bari ya sauka. Ki gaishe min da kowa, ki sa mu a addu'a ni da ita.

Ƙanwarki mai ba ki ciwon kai,
Auta

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kun tashi lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Saƙonki ya iso, Doguwa ta karanta min ta taga, har da inda kika ce tun ina ƙarama ba na ganin abu zai faɗi in ƙyale shi. Na karɓi faɗan. Na gode da kika ce Gimbiya ta daina kukan safe, ko da yake na san halinki, kina iya rufa min don hankalina ya kwanta.

Mama Sabulu ta rasu shekaranjiya da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waɗanda suka yi jinyarta sun ce ba ta ajiye aiki ba har ƙarshe. Dokarta ce ba mai cire kayan kariya shi kaɗai, sai wani ya tsaya yana kallo yana faɗa masa abin da zai cire gaba, don gajiya ce ke sa mutum ya kai hannu ido bai sani ba. Daga inda take kwance tana hango wurin cire kayan, in ta ga wani yana gaggawa sai ta ƙwanƙwasa ƙarfen gado da cokali. Da muryarta ta dishe, cokalin ya ci gaba. Doguwa ta ce safiyar da suka gama aiki suka fito ba su ji cokali ba, duk suka sha jinin jikinsu.

Ni da nake kai miki ƙararta, yau ga ni ina kuka kamar uwata ce ta sake mutuwa. Kin tuna zoben da Baban Gimbiya ya saya min, wanda nake ta yi miki yanga da shi? A makona na farko ta sa na cire shi a gaban marasa lafiya, ta ce ƙarƙashinsa kasuwar ƙwayoyin cuta ce ke ci. Na tsane ta ranar. Amma da ina da cikin Gimbiya ƙafafuna suka kumbura, ita ta ja ni ofishinta ta rufe ƙofa, ta ɗora su a cinyarta tana matsawa, ta kuma gargaɗe ni cewa in na faɗa wa wani za ta ƙaryata ni. Lokacin da famfunanmu suka ƙafe, kujera ta ɗauka ta zauna a ƙofar shugaban asibiti da bokiti ba ruwa, duk wanda ya zo wucewa ta nuna masa, har sai da aka kawo tanki.

Ta taga na ga an fito da ita. A cikin farar jaka mai zif take, waɗanda ta koya wa aikin suna ɗauke da ita, ba fuskar kowa da ake gani. 'Yan uwanta suna tsaye bayan igiya suna miƙa wuya. Matar da ta ƙarar da rayuwarta tana goge jikin mutane, ba wanda ya isa ya shafa goshinta. Kuma na san da tana tsaye ita za ta fara hanawa.

Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. Ina leƙa idona a gilashin taga ko ya yi ja. In na goge baki sai na duba abin da na tofar ko da jini. Sanin aikin nan bai yi min rana ba a ɗakin nan, don na san abin da ke fara zuwa da abin da ke biyo baya, kuma na ga inda yake ƙarewa. Safe da yamma Doguwa ke zuwa gwada zafin jikina, kuma duk sanda ta ɗaga ma'aunin tana dubawa sai in tsura wa fuskarta ido.

Amma ga labari mai daɗi. Likita ya ce in ma'auni bai nuna komai ba har safiyar Alhamis, za a sallame ni. Ki kawo min Gimbiya bakin ƙofar asibiti, ba zan iya jira in kai gida ba. Kada dai ki cusa mata kaya uku kamar yadda kika saba, yarinya ta zo tana gumi a ce ita ma a gwada ta.

Allah Ya jiƙan Mama Sabulu, Ya sa aikinta ya bi ta. A gaida maigida da yara.

Taki,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa da karkataccen rubutu.

Kada ki kawo Gimbiya gobe.

Yau bayan azahar, ga rana tana dukan kwano, sai na ji sanyi yana ratsa ƙasusuwana. Na ja zani na rufa, na ce wa kaina sauro ne, ɗakin nan ai gidansu ne. Mai yiwuwa ma shi ɗin ne, Allah Ya sa. Amma na taɓa wuyana na ji abin da na ji.

Zan faɗa miki abin da ya biyo baya, don ba ni da wadda zan faɗa wa sai ke. Ba nas ɗin da za ki buɗe jakarta ki rasa farasitamol, ni ma akwai a tawa. Na san in na haɗiya yanzu, na ƙara gobe kafin gwajin safe, zafin zai kwanta, ma'auni ya ce lafiya lau, a buɗe min ƙofa. Kafin azahar 'yata tana kan cinyata. Ba wanda zai gane, ko Doguwa. Na ɓallo ƙwayar na riƙe a tafin hannu har ta fara narkewa, zuciyata kuwa tana ta kawo min dalilai irin na masu ilimi.

Ba jarumta ce ta hana ni ba, tsoro ne. Na tuna yadda Gimbiya ke barci, fuskarta a wuyana, yatsanta a bakina, da yadda ba ta shan ruwa sai a kofin da na sha. Na tuna gidanki da yaranki a tabarma ɗaya. Tsohuwa da zazzaɓi a jikinta ta tako da ƙafa don mutanen da ba ta ma san su ba, ni kuma in kwashi abin nan in kai wa 'yar cikina. Na watsa ƙwayar a bokiti, na buga gilashi, na faɗa wa Doguwa tun kafin ta ciro ma'auni. Da ta gwada ba ta faɗa min lambar ba, ni ma ban tambaya ba.

Sun ɗebi jinina. Sai sakamako ya fito za a san ko sauro ne ko ɗayan. Kafin nan za a mayar da ni ɓangaren waɗanda ake zargi, bango ɗaya da masu cutar. Na san gadajen nan ɗaya bayan ɗaya, ni nake shimfiɗa su.

Ki ce wa Gimbiya aikin Mamanta ne bai ƙare ba. Kada ki ce mata gobe, tana riƙe magana. Baban nata kuwa yanzu ki faɗa masa komai.

Ga roƙona na ƙarshe, kuma shi ya sa na daure na rubuta. In sun bar ki ki zo dubiya, za su tsayar da ke a bayan gilashi. Na ga yadda zazzaɓin nan ke juya kan mutum, babba ya koma yaro yana kuka yana miƙa hannu a zo a ɗauke shi. Ke kika goya ni, kuma halin nan da kike min faɗa a kai a wurinki na koya. In na kira ki, in na haɗa ki da Allah, in na ce ba kya ƙaunata, kada ki shigo. Kada ki saurari waccan. Ki saurari wannan da ke rubuto miki yanzu da hankalinta, don Gimbiya ba ta da wata uwar sai ni da ke.

Ga su nan tafe, ina jin takalmansu na roba. Ki yafe min, ki rungume min 'yata sosai.

Ƙanwarki,
Auta